Magidancin Aro

Kurmin Mashi, Kaduna
Watan Fabrairu

Zuwa ga bawana Alhassan, ɗan Gwaggo Talatu, mai tsaga katako a Sapele,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar uwargijiya ga bawanta, ina fatan kana lafiya, kai da kunnuwan nan naka da injin katako ya cinye. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini gardama kowace safiya. Nusaiba tana gaishe ka. Tun da ta shiga makarantar jinya a Zariya ta fara cewa gishirin miyata ya yi yawa, ni da na raine ta da shi. Baffa Sulaiman na Abakpa, kawunka, yana nan da ƙarfinsa.

Kada ka tambayi abin da ya hana ni kiranka a waya. Ran nan na kira, na ce "ya aiki," ka ce "amin." Takarda ba ta bukatar kunne, kuma ba ka da damar katse ni. Lawan direba zai kawo maka ita da ƙullin yaji. Yajin naka ne, kada ya ce maka rabawa za ku yi.

To ga labari. Gwamnatin jiha ta sakar wa ƙananan hukumomi kuɗi, wai a gina wa talaka gidaje masu sauƙi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashe har gida ya zama na mutum. Aka samu fili can bayan Katabu, ta hanyar Zariya, aka jera gidaje. Sai dai kuɗin kashi biyu ne. Na farko ya kai gini har linta ya ƙare, na biyu ana jira. Yanzu gidajen suna tsaye baki buɗe suna kallon sama, har masu Keke sun raɗa wa wurin suna Ba-Rufi. In ka ce Ba-Rufi a tashar Kawo, ba mai tambayarka ina ne.

Na je na gani da idona. Ka san ni, ba na sayen buhun citta sai na zura hannu har ƙasa. Na ƙwanƙwasa bulo, na kankare shafe da makullina. Ba laifi, ba su yi rowar siminti sosai ba. Ciki biyu da falo, kicin, banɗaki, da ɗan tsakar gida da zai ishe ni shanyar barkono. Akwai wani a ƙarshen layi, kusa da bishiyar ɗorawa. Na tsaya a tsakiyar falonsa, akuya na kwance daidai inda zan sa kujera, sai na ji zuciyata ta zauna. Alhassan, tun rasuwar baban Nusaiba ban taɓa buga ƙusa a bango ba sai na nemi izini.

Washegari na je wurin kwamitin rabo. Wani ma'aikaci mai ladabi ya ba ni kujera, ya ce, "Hajiya, ina maigidan?" Na ce ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, sannan ya ce gidajen na magidanta ne. Na ce, "Ɗana, wa kake tsammani ke auno masara a gidana?" Ya ce ya gane, amma su a wurinsu magidanci namiji ne, da sunansa za a rubuta gida, kuma sai ya zo da ƙafarsa ranar tantancewa. Ba lalle miji ba, ɗan'uwa ma ya yi.

Yanzu duk zawarawan Kasuwar Kawo neman magidancin aro muke, kamar masu neman tukunyar biki. Baffa yana da gidan kansa, an ce mai gida ba ya shiga. Umar mai kwanuka, na rumfar da ke kallon tawa, har sabuwar hula ya sa ya zo ya ce shi a shirye yake. Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ke sayar maka da kwano ya ɓoye murfin sai ka ƙara, shi zan rubuta wa gidana?

Saboda haka, bawa, uwargijiyarka na kira. Haifaffen Abakpa ne kai, ba mai musu. Ka karkaɗe garin katako daga gemunka ka zo ka tsaya mini gaban kwamiti. Ba sai ka ji abin da suke faɗa ba. In na taka maka ƙafa, ka ce "haka ne."

Uwargijiyarka, 'yar kawunka,
Hasiya

*

Sapele
Farkon Maris

Zuwa ga Hasiya sarkin surutu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Yaji ma ya iso, rabinsa. Ina lafiya. Ruwa ya fara sauka nan, katako ya yi nauyi. Kunne yana nan yadda kika san shi, kuma tun da na daina jin muryarki na ƙara ƙiba.

Na karanta maganar gida na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Ke da kika sayar mini da akuyar Kaka muna yara, wai taki ce. Ke da kika aiko bara cewa kin tafi Makka in yi miki addu'a, ashe Makarfi kika je biki. Yanzu kuma in bar aiki in zo in tsaya a gidan da ba rufi. Na gane. In sauka a Kawo, ki tara matan kasuwa su yi mini guɗa, ki ce ga bawa ya amsa kira. Don kawai babanki namiji ne uwata mace, ba shi ne zan faɗa rami ɗaya kullum ba.

Gida mara rufi ai ya dace da ke, murya ta samu hanyar fita. Ki karɓi Umar. Mai kwano ne. Ko ba na rufi ba ne, kya kifa ɗaya a kai in ruwa ya zo.

Kashi na biyu kuma ki bar wa jikokin Nusaiba su jira shi.

Ki gaishe da Kawu. Allah ya sa mu ga azumi lafiya.

Bawan Allah, ba naki ba,
Alhassan

*

Kurmin Mashi
Cikin azumi

Zuwa ga bawana mai taurin kai,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Ina fatan kana shan ruwa da abin kirki, ba garin rogon nan nasu ba. Mu lafiya. Gwiwa ta ƙi tarawihi a tsaye, a zaune nake yi kamar wata tsohuwa.

Na ga amsarka, na yi dariya, don maganar Makarfi gaskiya ce. Amma matsalar taubashi ke nan. In na ce maka wuta ta kama zanena, cewa za ka yi wane launi. Ka ajiye dariya ka karanta wannan a hankali.

Alhajin da nake haya a gidansa ya rasu ranar uku ga azumi, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, bai taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa da ɓacin rai ba. Ya bar 'ya'ya da yawa, gida kuma ba ya yankuwa kamar kabewa, don haka za su sayar su raba gado. Mai saye har ya zo ya zagaya, yana auna ɗakina da ido ina ciki ina tankaɗe. Shaguna zai yi. Babban ɗan ya same ni da kunya, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, bayan Babbar Sallah." Ban ga laifinsa ba. Hakkinsu ne.

Na zaga neman wani ɗakin. Wanda na iya, kwata ce ke bi ta ƙofarsa. Wanda ya yi mini, da na ji farashi sai na tambayi dillalin ko da mai dafa abinci ake bayarwa. Kurmin Mashin da ka sani ba ita ba ce yanzu.

Ba-Rufi kaɗai ta rage mini. Ana raɗe-raɗin kashi na biyu ya kusa, kuma da zarar ya zo za a yi tantancewa. Wadda ba ta da magidanci a ranar, an wuce ta.

Ka ce in karɓi Umar. Ka san me ake nufi da a rubuta gida da sunan mutum? Ni zan riƙa biya daga citta da kanumfari, shi kuma ranar da ya ga dama ya ce in kwashe tabarmata. Na lissafa mazan da na sani, na kasuwa da na dangi. Kai kaɗai ne za a rubuta gidana da sunanka in kwanta in yi barci. Na tuna lokacin rasuwar baban Nusaiba, ka taho daga Sapele a bayan tirela, ka yi gaisuwa, ka ga ƙyauren ɗakina na lilo. Ka je ka aro guduma ka gyara, ka koma. Har yau bai sake motsi ba.

Wannan ba wasa ba ne. Ka ba Lawan amsa ya dawo mini da ita.

Hasiya

*

Kasuwar Kawo
Watan Afrilu

Bawa,

Gaisuwa a tsaye, don a kan buhun masoro nake rubutu. Ina lafiya, in ka damu ka sani. Lawan ban sake ganin ƙeyarsa ba, shi ya sa na ba Aliyu mai ɗaukar albasa wannan.

Shiru ka yi mini ko? To madalla. Sallah ta zo ta wuce, ko barka babu.

Maganar gado ce ke hana ni barci yanzu, kuma ba ni da yadda zan yi da ita. An riga an sa rana. Bayan Babbar Sallah zan bar gidan nan, na fara ɗaure kaya. Ko ana so ko ba a so, a Katabu zan shiga ɗaki, da kai ko ba kai.

Umar kullum yana bakin rumfata. Jiya har da lemo ya kawo, mutumin da ko ruwan alwala ba ya bayarwa kyauta. Na gaji, Alhassan. Mace ita kaɗai ba ta da zaɓi da yawa. Na ce masa to, in ba wani abu ya canza ba, shi ɗin ne. Ai kai ka ba da shawara.

Hasiya

*

Sapele
Watan Mayu

Zuwa ga Malama Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Nusaiba da Kawu. Ni ma lafiya.

Aliyu ya ba ni takardarki. Tun wadda na amsa kafin azumi ban ga wata ba sai ita. Ban san magana ta yi nisa haka ba. Da na ce ki karɓi Umar, wasa nake yi. Amma tunda an sa rana, ba abin da ya rage sai addu'a. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya.

Maganar gado kada ta ƙara hana ki barci. Ba ki da uba a raye, ba ki da wa, kuma ga ni cikin katako. Kunya ce a kaina ki shiga ɗakin miji da tsohon gado. Akwai maɗaci da na ajiye tun da daɗewa, ya bushe sarai. Dalilin ajiye shi ba shi da amfanin faɗa yanzu. Da hannuna na yi, ban bar kowa ya taɓa ba. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗin katako ne, zai fi mu daɗewa. Aliyu zai sauke miki shi a kwance, kafinta ya haɗa.

Ba zan samu zuwa biki ba. Aiki ya yi yawa.

Ki faɗa wa Umar ba kya shan shayi da madara. Kuma in ya ga kin yi shiru, to ranki ne ya ɓaci, ya nemi dalili, kada ya ɗauka hutu ya samu.

Ɗan'uwanki,
Alhassan

*

Kurmin Mashi
Ƙarshen Mayu

Zuwa ga bawana, kurman kunne kurman ido,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai haƙarƙarina da ke ciwo saboda dariya, kuma kai za ka biya maganin.

Ina zaune ina tsince barkono sai ga Aliyu da majiya ƙarfi suna shigo da katako tsakar gida. Suka jingina allon kai a bango, ja wur, da zanen ganye, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Kafin in buɗe takardarka matan gida sun kewaye ni. Maman Atika ta ce, "Hasiya, ashe haka kike? Muna gida ɗaya?" Wata ta rangaɗa guɗa. Zuwa la'asar labari ya kai kasuwa, Umar ya zo har gida yana murmushi yana shafa katakon, wai shi bai san na shirya haka ba. Da tsintsiya na raka shi.

Alhassan, gadon mamaci nake nufi. Wanda malamai ke rabawa, ba wanda ake kwanciya a kai ba. Mai gidan da nake haya ne ya rasu, magada za su sayar, ranar da aka sa ta tashina ce. Ɗakin Katabu kuma ɗaki ne na bulo da siminti. To ɗin da na ce wa Umar na tsayawa gaban kwamiti ne. Laifin boko ne da ya rubuta gado biyu iri ɗaya. Da da baki na faɗa maka da ka bambance, sai dai da ma ba za ka ji ba.

Duk na bayyana maka wannan a takardar azumi. Shekaranjiya Lawan ya ɓullo, ya rame. Injinsa ne ya buga bayan Lakwaja, ya yi zaman jinyar mota a can, takardata na cikin aljihun ƙofa tana shan zafi. Ga ta nan na haɗa maka da wannan. Ita za ka fara karantawa.

Yanzu ga abin da ya faru kana can kana fere maɗaci da fushi. Kashi na biyu ya zo, amma da igiya a wuyansa. Jiha ta ce ba za ta saki ko kwabo ba sai an ware wani kaso na gidajen ga matan da ke riƙe da gida da kansu, da sunansu, ba na kowa ba. Ban san wace mai albarka ce ta tuna da mu a can sama ba, amma ina sa ta a addu'a. Ka ga ƙaramar hukuma na son rufi, rufi na son kuɗi, kuɗi na son zawarawa. Sai ga ma'aikacin nan mai ladabi da kansa a Kasuwar Kawo, yana bi rumfa-rumfa da takalminsa mai tsini cikin taɓo, yana tambaya, "Ina Hajiyar nan mai auno masara?" Na bar shi ya ɗan tsaya a rana, ba da mugunta ba, sannan na ba shi benci da ruwan sanyi.

A satin nan bazawara ta fi tumatir tsada. Maza sun koma neman bazawarar aro. Umar ma, bayan tsintsiya, ya dawo ya tambaya ko zan tsaya masa. Na ce ya kawo murafen kwanukan da ya ɓoye mini tukuna.

An yi ƙuri'a. Na ci wani gida a tsakiyar layi, daf da rijiyar burtsatse. Wata Mansura mai ƙananan yara ta ci na kusa da ɗorawa, tana ta ƙorafin nisa da ruwa. Na ɓata fuska, na ce ai ni ba zan rabu da nawa ba, ruwa a ƙofa. Sai da ta roƙe ni, ta haɗa ni da Allah, sannan na yarda muka yi musaya a gaban kwamiti, tana ta godiya. Kowa ya samu abin da yake so, amma ni aka gode wa.

Ana ta buga kwano yanzu. Daga titi kana jin guduma. Masu Keke sun rasa yadda za su yi da sunan, har yanzu Ba-Rufi suke cewa.

Saboda haka na 'yanta ka, bawa. Hasiya ce a rubuce, ba na bukatar magidancin aro. Ka huta.

Sai dai gadonka ya gagari kafintan unguwarmu. Ya juya shi, ya juya, ya ce wanda ya yi wannan ko gwani ne ko mugu. Na ce duka biyu. Kuma wannan maɗacin da ka ce ka ajiye tun da daɗewa, me ka ajiye shi yi? Ina tambaya ne kawai, ka san mu 'yan kasuwa da son sanin asalin kaya.

Uwargijiyarka ta da,
Hasiya

*

Sapele
Watan Yuni

Zuwa ga Hasiya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Barka da Sallah, barka da gida. Allah ya sa ki shiga a sa'a, ya sa na zama ne.

Na karanta ta azumi.  Kin kira ni da gaske ban zo ba, kika ɗauka na ji na yi shiru. Wannan ya fi maganar gado ci mini rai. Da ta iso a kan lokaci da a bayan tirela zan taho. Ina so ki san haka.

Amma Allah ya yi miki abin da ya fi. Gida da sunanki ya fi gida da sunana.

Ga yadda ake haɗa gadon. Kowace gaɓa na yi mata alama da fensir ta ciki. Kafinta ya haɗa mai alama ɗaya da 'yar'uwarta. Ya fara da ƙafafun kai. Kada ya buga da guduma kai tsaye, ya sa wani katako a tsakani. In ya ƙi shiga kada ya tilasta, ya juya shi, ba daidai ya ɗora ba.

Maganar maɗaci ki bar ta. In na faɗa, matan Kasuwar Kawo za su ji kafin la'asar, ku samu abin dariya har shekara ta zagayo. Tun muna yara ban taɓa faɗa miki magana ba ki mayar da ita wasa ba, ni ma haka nake yi miki. Ba laifin kowa ba ne, haka aka haife mu.

Tunda an 'yanta ni, na gode.

Alhassan

*

Katabu, gidan ƙarshen layi
Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Alhassan,

Assalamu alaikum. Ka duba yadda na kira ka a sama. Tun da na iya riƙe biro ban taɓa rubuta maka haka ba, kuma hannuna bai so ba. Na yi ne don ka san babu matan kasuwa a bayan wannan takarda. Ni kaɗai ce.

Ina lafiya. Na tare. Ranar farko na ɗauki ƙusa na buga a bangon falo, ba don ina da abin ratayewa ba. Na tsaya ina jiran wani ya yi magana, ba wanda ya yi. Nusaiba ta zo hutu ta zaɓi ɗakinta, ta koma. Ruwa ya sauka jiya da rana kamar da bakin ƙwarya, na bi kusurwa-kusurwa da roba a hannu, ko ɗigo babu. Fanfo bai iso ba tukuna, hanya kuma taɓo ce, an ce sai wani kasafin. Ban damu ba. Barkonona na shanye a tsakar gidana.

Takardar haɗa gado tana nan, na gane ta sarai, ko ni zan iya. Ban ba kafinta ba, kuma ba zan ba shi ba. Katifa na shimfiɗa a ƙasa, gwiwa na zagina duk asuba, gadon na jingine a bango.

Na yi ta tunani. Da na ce ka zo ka tsaya mini, gaskiya ne ina bukatar magidanci. Amma da jiha ta cire wannan bukatar, ya kamata in ji sanyi gaba ɗaya, sai na ji kamar an karɓe mini wani abu. A kasuwa, in mutum ya yi ta zagaya rumfa yana taya abin da ba shi ya kawo shi ba, mun san shi. Ashe ni ma haka na yi ta yi.

Yanzu ba ni da wata hujja. Gida nawa ne, rufi ya hau, ba kwamitin da ke neman ka. Matarka Maimuna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, yaranka sun kama gabansu, kana can kana cin garin rogo injin na ƙarasa maka kunne. Nan layinmu kaf ba wanda ya sa ƙyauren kicin, kowa neman mai katako yake. Wannan ba hujja ba ce, labari ne kawai.

Ba aro nake nema ba. Baffa Sulaiman shi ne waliyyina, kuma ka san ƙofar gidansa a Abakpa, a zaurensa aka yi maka aski. Iyakar abin da bakina zai iya faɗa ke nan, ko a takarda.

In kuma na karanta maɗacin nan ba daidai ba, kamar yadda ka karanta gadona, to ka aiko mini da zagi irin na kullum, zan gane, mu ci gaba yadda muke.

Hasiya

*

Sapele
Watan Yuli

Zuwa ga uwargijiyata,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau, fiye da kullum.

Daidai kika karanta. Na karanta taki ni ma, na sake karantawa, na kai wa limaminmu ya duba mini kalma ɗaya, waliyyi, ko tana da wata ma'ana ta biyu da ban sani ba. Ya ce ba ta da ita.

'Yancin da kika ba ni na mayar, ban ji daɗinsa ba. Kada kowa ya taɓa gadon. Ki ajiye mini yaji, kada Lawan ya gan shi.

Zan taho da motar Aliyu, Abakpa zan fara sauka. Ki aika wa Kawu cewa in zai ba ni amsa ya matso kusa da kunnena na dama, ya ɗaga murya sosai. Wannan karon ba na so in ji wani abu daban.

Bawanki,
Alhassan